Furar Lawali

Zafin bazarar bana ya isa. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su lafe a gindin randa, ni kuwa in ja tabarmata ƙarƙashin darbejiya in yi ta fifita da faifai. A haka nake shekaranjiya sai ga matar ɗana, Sa'adatu, ta fito daga madafa da ƙatuwar kula a ka, matan maƙwabta suna jiranta a zaure kowacce da tata. Na ce ina zuwa da rana tsaka haka? Ta ce firamare za su, wurin mutanen nan da 'yan bindiga suka koro daga yammacin jiha, an sauke su a azuzuwa, an ce kowane gida ya riƙa kai dafaffe.

Na ce, "Ku kai na yau, mai jin yunwa ba a ce masa ya jira. Amma in kin dawo ki zo ki taya ni fito da tsohon turmin nan na bayan ɗaki."

Ta dube ni ta yi dariya. "Iya, turmi kuma? Ga injin niƙa a bakin titi?"

Na ce ta je dai, labarin ya fi ƙarfin tsayuwa da kula a ka. Amma tun da suka fita zuciyata ta koma wata bazarar, mai zafi irin wannan, shekarar da fari ya ci gonakin mutanen Nijar, abin da ya rage kuma fara ta zo ta share.

Lokacin ina goyon autana. Ƙauyenmu na bayan Kafinsoli bai san wayar hannu ba, labari sai ranar kasuwar Kankiya in maza sun dawo. Mu a nan mun samu damina daidai gwargwado a shekarar da ta gabata, ba a ce an yi yalwa ba, amma rumbuna ba su kwana wayam ba. Sai a ƙarshen bazara baƙi suka fara ɓullowa daga arewa. Motar kasuwa ta sauke su a Kankiya, su yo ƙasa a ƙafa, da ƙullin tsumma da buta, leɓɓa sun tsage, yara sun gaji har sun daina kuka. Mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar masallaci, aka yanke cewa ba wanda zai kwana a fili. Duk mai kango ko ɗakin da ba kowa ya buɗe.

Mu namu rabon ya faɗa gidan marigayi Baba Ɗanjuma, ƙanen mahaifin maigidana, wanda darni kawai ya raba mu da shi. Malam, maigidan nawa, ya ɓalle kara ya yi 'yar ƙofa a darnin don in riƙa leƙawa. Waɗanda aka sauke a ciki tsohuwa ce, Inna Hajo, doguwa siririya mai awarwaron ƙarfe a hannu, sai matar ɗanta Zaliha da yaranta ƙanana. Ɗan nata, Lawali, ba ya tare da su. Zaliha ta ce mini a bakin iyaka suka rabu. Shi ya kora 'yan dabbobin da suka rage musu kudu neman ciyawa, ya ce su nufi ƙasar Kankiya inda mahaifinsa ya taɓa cin rani, zai biyo su in ya samu inda ya ajiye dabbobin.

To, sai aka zo kan ciyarwa. Mai unguwa ya ce baƙi sun gaji, kada a bar su da wahalar girki, kowane gida ya riƙa aika kwano. Wayyo, da ya san abin da ya tayar! Matan unguwa muka ɗauki abin kamar gasa. Ni Hurera, ba yabon kai ba, a duk layinmu babu mai tuƙa tuwon dawa ya yi santsi kamar nawa, in ban da maƙwabciyata Kande da take ganin ita ce. In na aika miyar kuka da daddawa, gobe Kande ta aika ta kuɓewa busasshiya har da man shanu a kai. In na yi dambu, ita ta yi ɗanwake. Kowacce ta wanke kwanonta na langa har yana ƙyalli, ta rufe da sabon faifai, ta yafa mayafi ta shiga gidan Baba Ɗanjuma a natse. Ganin halin da suke ciki, ba ma ɗaga murya. Mu ajiye kwano, mu zauna bakin tabarma, mu sunkuyar da kai mu ce Allah ya kawo sauƙi, mu ɗan yi shiru, mu tashi. A ganinmu iyakar mutunci ke nan.

Zaliha da yara suka ci, suka fara murmurewa. Inna Hajo kuwa ko loma. In an buɗe kwano sai ta kau da kai ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi, ba yara." Ruwa kawai take kurɓa, sai in Zaliha ta yi ta roƙo ta ɗan tsotsi kunu kaɗan. Da farko haushi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Malam wannan tsohuwa raina girkina ta yi. Da na ga kwanon Kande ma haka take kau masa da kai sai na ɗan ji sanyi, har na je na tsokane ta na ce ashe man shanun nata bai yi aiki ba.

Amma wasa ya ƙare da na lura da awarwaron. Ran da suka zo a wuyan hannunta yake. Kwanaki suna tafiya sai na ga in ta ɗaga hannu yana zamewa har gwiwar hannu. Idanunta suka faɗa, tashi zuwa alwala ma sai an kama ta. Malam ya kawo mai kemis daga Kafinsoli ya duba ya ce bai ga zazzaɓi ba. Aka yi mata rubutu ta sha. Na yanka 'yar budurwar kazata na yi farfesu da masoro da citta, ƙamshi har bakin rijiya, ta dube shi ta yi mini godiya ta tura wa jikokinta. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Matar nan ta tsallake fari da fara da doguwar tafiya, ga shi za ta mutu a hannunmu da abinci a gabanta.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka. Tun azahar gabas ta yi baƙi, iska ta ɗaga faifai da zannuwan shanya, muka yi ta guje-guje muna kama kaji. Da ya tsuge, yara suka tuɓe suka fita tsakar gida suna tsalle, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗaki har mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Da gari ya waye ba namiji ko ɗaya a gida. Kowa ya saɓa sungumi, masu zuba iri suna bin su da ƙoƙo suna take rami da diddige. Gari duk murna. Na leƙa ta ƙofar darni in ga ko ruwan ya motsa tsohuwa. Tana zaune a bakin ɗaki inda na bar ta jiya, ruwan indararo yana ɗiga kusa da ƙafarta, ko janyewa ba ta yi ba.

Bayan shuka ta tsiro ne abin ya fito fili. Ran nan da la'asar na shiga da kwanona, Zaliha ta tafi rijiya da yara. Ina ajiyewa sai tsohuwa ta cafke wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ɗiyata, zamna," in ji ta da irin Hausarsu ta arewa. "Ke kam na ga kina da imani. Ki gaya mani tsakaninki da Allah. Ina anka rufe shi?"

Na ce, "Wa, Inna?"

"Lawali."

Na zabura. Na ce, "Subhanallahi! Wa ya ce miki Lawali ya rasu?"

"Ba sai an hwaɗa mani ba. Na tsufa, na san gidan da ake kai ma kwano. Tun ran da munka sauka ba a hura wuta cikin gidan ga ba. Ku shigo da kwano ruhe, ku zamna, ku sadda kai, ku tashi. A garinmu gida guda ake yi ma haka, gidan da anka yi rasuwa. Na ce ko uku ce, ta wuce. Na ce ko bakwai, ta wuce, ba ku daina ba. Kun ji labari a kasuwa kuna ɓoye mani don kada in hwaɗi. To ni tuwon mutuwar ɗana ba ya wuce mani maƙoshi."

Na ɗaga kai na dubi tsakar gidan, kamar ranar na fara shigarsa. Tabarma shimfiɗe ta masu zuwa gaisuwa. Kwanoni jere a gindin bango, kowanne da faifansa. Ba turmi, ba tsintsiyar ƙaiƙayi, ba toka. Murhun matar Baba Ɗanjuma yana nan a kusurwa, sanyi ƙalau, kuma wallahi wata kazata da na yi ta nema ta samu wuri tsakanin duwatsun ta kwanta a kan ƙwai. Mu ma a nan ai haka muke yi in an yi rashi: gidan mamaci ba ya ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa. Mu duka mun sani, amma ko mace ɗaya a cikinmu ba ta kawo shi a ranta ba, muna can muna gasar miya.

Dariya da kuka suka zo mini tare. Na rantse mata da Allah ba mu ji komai game da Lawali ba, ba alheri ba sharri. Ta girgiza kai ta ce, "Mai ɓoye ma tsohuwa mutuwa ai rantsuwa yake." Na ga baki ba zai yi ba. Na ɗauke kwanona na fice.

Malam ya dawo daga gona ke nan yana wanke ƙafa. Na ce, "Malam, dami nake so. Na gero, da kansa, yanzu."

Ya ce, "Hurera, na ci yana hannunki. Dami sai a rumbun tsimi, kin san kuwa ba a fasa shi sai an shiga noman maimai."

Rumbun tsimi shi ne wanda ake liƙe bakinsa da laka tun kaka, a ajiye don tsakiyar damina lokacin da aiki ya yi nauyi abinci ya yi ƙasa. Malam bai taɓa buɗe shi kafin lokaci ba, ko da suna aka yi a gidan. Na gaya masa abin da tsohuwa ta ce. Ya tsaya da buta a hannu, ya yi salati, ya ce, "Ashe zaman makoki muka sa baiwar Allah." Ya ajiye butar ya jawo tsani.

Ni kuwa na kwantar da turmina na gangara shi ta ƙofar darni, sai da na ƙara ɓalle kara kafin ya wuce. Na dawo na ɗauki taɓarya biyu, da ƙwarya, da tukunya. Na kori kaza tana ta masifa, na kwashe ƙwanta a zani. Na ɗebo garwashi daga murhuna a tsingaro na zuba, na karya kara na hura har hayaƙi ya sa ni hawaye. Malam ya yi sallama ya dire dami a gaban tsohuwa ya koma.

Na ce, "Inna, ga gero, ga wuta. Inda Lawali yake Allah ne ya sani, mu ba mu ji mutuwarsa ba. Kwanona kuwa ya bar shigowa gidan nan. In kina so ki ci, sai ki daka."

Ta daɗe tana kallon damin. Can ta miƙa hannu ta zaro kai ɗaya, ta murza a tafi, ta hure, ta shinshina. Ta ce, "Wannan ne geronku? Kai gajere haka kamar wutsiyar akuya?"

Na ce, "Inna, wanda kika samu ke nan. Naku mai dogon kan ai fara ta gaya mana daɗinsa."

Ta harare ni, kuma a karo na farko na ga haƙoranta. Ta ce in kama ta. Ta miƙe tana rawar jiki ta karɓi taɓarya, ta ɗaga ta saki, ta sake ɗagawa, sai numfashi ya gaza ta zauna. Amma daga zaunen ta kama ba da umarni. Zaliha ta dawo daga rijiya ta tarar da hayaƙi, ta kusa sakin tulu. Muka sussuka ni da ita, muka sheƙe, muka surfa, tsohuwa tana cewa ruwan ya yi yawa, hannuna ya yi nauyi, mu 'yan Najeriya ba mu iya bakace ba. Kande ta jiyo lugude ta leƙo da kwanonta a ka, na ce ta mayar ta zo da taɓarya. Kafin rana ta faɗi mun dafa mun kirɓa. Inna Hajo ta ce a miƙo mata, ita za ta cura da hannunta.

Curin farko da ta yi, babba, ta birkiɗa shi a gari ta sa a ƙaramar ƙwarya ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce, "Wagga ta Lawali ce." Sannan ta ce a dama mata tata. Ba nono, da ruwan tsamiya muka dama. Ta kafa kai ta sha, ta huta, ta ƙara, muna tsaye mu uku muna kallon maƙogwaronta yana motsi. Kande ta juya baya tana share ido da mayafi, wai hayaƙi ne.

Da safe Malam ya kai maganar wurin mai unguwa. Aka sake tsari. Ba sauran dafaffe sai ga mara lafiya. Kowane gida ya ba baƙonsa tsaba ko dami gwargwadon ƙarfinsa, da aron turmi da tukunya. Masu saura a gona suka yanka wa baƙi 'yan layuka, kuyya-kuyya, su shuka. Malam ya ba su Zaliha gefen gonarmu ta bakin rafi, aka yi musu gayya aka shuke musu gero mai saurin nuna, ya kuma je garin Ƙofa wurin ɗan'uwansa ya karɓo irin wake aka bi tsakani. Ko da mutanen ƙaramar hukuma suka zo da niyyar taimako, mai unguwa roƙonsu ya yi su sayi gero da wake a nan kasuwar Kankiya su raba a tsabarsa, abin da matan suka san yadda za su sarrafa. Unguwa ta canza sauti. Da asuba kana jin daka ta gidajen da a da shiru suke, hayaƙi yana tashi ta kan kowane darni.

Kada ka ce daga nan sai daɗi. Marka ta zo ta same mu da bakunan ci fiye da na kullum. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, itace ya jiƙe, sai ka yi ta hura wuta har kai ya yi ciwo. Soro ya fara yoyo muka jera kwanoni a ƙasa, tufafi ba sa bushewa, ko'ina warin danshi. Maza suna maimai cikin laka da cikin da ba komai sai farau-farau. Rumbun da aka fasa da wuri ya nuna mana an fasa shi da wuri. Da, in Malam ya hau, daga baki yake miƙo dami. Yanzu sai ya shige gaba ɗaya, in na yi masa magana muryarsa ta fito daga can ƙasa. Muka koma tuwo sau ɗaya a wuni. Sauran kuwa ganye: tafasa, rama, zogale, yaɗiya, a dafa a matse a kwaɗa da ƙuli-ƙuli in an samu, in babu da gishiri da barkono. Ni da Zaliha da Kande mu bi bakin gona da ƙwarya muna tsinka muna hira, ƙafa duk taɓo. Ba na tuna an taɓa dariya a unguwarmu kamar a wannan markar, ko don ba abin da ya rage mana sai ita.

Inna Hajo ta tashi sosai. Awarwaro ya koma mazauninsa. Ita ke tsare yaran gidajen uku in mun fita, ita ke faɗa da kajina, ita ke gaya wa Malam ya yi sakaci da ciyawar gefen gona. Kuma kullum, duk ƙarancin gero, sai ta cire furar Lawali. Curin da ya fara kamar dunƙulen hannu ya dawo kamar ƙwai, daga baya kamar goro, amma bai taɓa fashi ba. In rana ta yi sanyi bai zo ba, ta fito da ita ta gutsuttsura wa yara, nata da nawa, gobe ta cura sabuwa.

Wata rana da na tankaɗe ɗan garin da ya rage na ga ƙasan ƙwarya, raina ya ɓaci na ce, "Inna, masu nan ma ba su ƙoshi ba, kina ajiye wa wanda ba ya nan."

Ta ce, "Ke kinka ce mani yana da rai. In yana da rai yana jin yunwa. In ya iso ya iske ba a aje mashi komi ba, mi za ni ce?"

Maganar ta kama ni. Ni ban ce yana da rai ba, cewa na yi ba mu ji ba, amma ita a kan maganata ta tashi. Duk ranar kasuwa Malam sai ya bi ta kara, wurin masu dabbobi, yana tambaya ko an ga wani Lawali mutumin arewa, ya dawo ya girgiza mini kai tun daga zaure. Zaliha ba ta kuka a gida, sai a bakin rijiya. Ni kuwa duk sanda na ga 'yar ƙwaryar nan sai in ce ya Allah, in labarin banza ya zo, da wane baki zan shiga gidan nan, kuma wa zai sake sa tsohuwar nan ta ci abinci?

Gero ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, tsuntsaye suka fara sauka. Ran da Malam ya shigo da tumu a hammata, yara suka yi masa caa kamar za su kayar da shi. Aka babbaka a wuta, aka murza a tafi da zafinsa, kowa baki ya yi baƙi. Wanda bai yi yunwar marka ba ba zai san daɗin tumun farko ba. Gonar su Zaliha ta bakin rafi ta riga tamu nuna. Da suka yanko na farko, Inna Hajo ta tuƙa tuwon sabon gero da kanta, ta zuba a kwano ta rufe da faifai, ta yafa mayafi ta ratso ƙofar darni a hankali ta dire a gabana, ta zauna bakin tabarma ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Inna lillahi! Inna, wa ya rasu a gidanmu ba a gaya mini ba?"

Ta fashe da dariya har tana tari, ta ɗauki muciyata ta ce sai ta kwaɗa mini. Na ci tuwon. Ya yi daɗi, amma na ce mata gishirin miyar ya gaza, don kada ta saba.

An fara girbi sosai, dammuna suna shigowa a kan jakuna, rana ta dawo da zafinta na kaka. Ran nan da hantsi muna tsakar gidan Baba Ɗanjuma muna sussukar geronsu, ni da Zaliha da Kande, tsohuwa tana sheƙa. Sai muka ji sallama a zaure. Murya ce ta namiji, a dushe. Zaliha ta tsaya da taɓarya a sama. Aka sake sallama. Ƙwaryar da ke hannun Inna Hajo ta karkace, gero yana zuba a ƙasa ba ta sani ba.

Malam ne ya shigo da shi. Wani dogon mutum baƙi, ya rame har riga tana yawo a jikinsa, da sanda a kafaɗa da tunkiya ɗaya a igiya, ita kaɗai ta rage masa. Daga baya muka ji ciwo ne ya kwantar da shi a kudu, da ya tashi ya yi ta ƙodago yana matsowa, ya bi Kusada, ya bi Rimaye yana tambaya, har wani a karar Kankiya ya ce masa akwai wani malami na bayan Kafinsoli da ya dame su da cigiyar Lawali.

Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna."

Na zaci za ta faɗi, har na matsa in tare ta. Ina! Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta miƙa hannu ta taɓa kansa, ta taɓa kafaɗarsa, ta kama idon sawunsa ta matsa. Sannan ta juya, murya ba ko rawa, ta ce, "Zaliha, tsayuwar mi kike? Ɗauko mashi hurarshi ki dama. Tun sahe take jira nai."

Zaliha ta shiga ɗaki ta fito da 'yar ƙwaryar. Ta buɗe faifai. Curin ranar babba ne, na sabon geron gonarsu. Na ruga gida na kawo nono. Ya karɓa a tsugune ya kafa kai, hawaye suna gangara masa cikin ƙwaryar, uwarsa tana riƙe da idon sawunsa ba ta saki ba har ya shanye. Sai a lokacin Kande ta tuna tana da baki, ta rangaɗa guɗar da ta tara mana unguwa gaba ɗaya. Na yi kuka a ranar har kaina ya yi ciwo, kuma ban taɓa jin daɗin kuka haka ba.

Sun zauna da mu har aka gama roron wake, sannan suka koma gida da dammunansu da irin shuka. Tsohuwa ta sa Lawali ya gangaro mini da turmina, ta ce ta gode amma bakinsa ya cika faɗi.

Shi ne turmin da na sa Sa'adatu ta taya ni fitarwa. Ya tsage a gefe, an ɗaure shi da waya, amma yana daka. Jiya aka kai shi firamare a baro, da taɓarya da tukwane da 'yan kwanonin gero da wake da matan unguwa suka tara, ɗana kuma ya ce zai yi magana da mai unguwa kan gonar bakin rafi kafin ruwa ya sauka. Yau da safe na lallaɓa da sandata na je. Tun daga bakin titi na hango hayaƙi ta kan katangar makaranta, na jiyo lugude. Wata mata mai goyo, da aka ce mini mijinta bai fito tare da su ba, ta gama cura fura ta biyo ni har ƙofa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Iya, ko kina da wata 'yar ƙaramar ƙwarya da ba kya amfani da ita?"

Ban tambaye ta ta wane ne ba. Na dawo gida na zaɓi mai kyau, na aika mata da faifanta.